Izinin Zama da Farashinsa: Ikkilisiyoyin Furotesta a Gwandu da Kalgo Ƙarƙashin Mulkin Turawa da na Soja

Tsakure

Takardar ta dubi abin da ikkilisiyoyin Furotesta suka zame wa jama'arsu a ƙasar Gwandu, musamman Kalgo da kewayen Birnin Kebbi, a zamunna biyu da talaka ba shi da ta cewa a kan mai mulkinsa: mulkin Turawa daga 1903 zuwa 1960, da mulkin soja daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Hujjarta ita ce waɗannan ikkilisiyoyi da izinin hukuma suka zauna, da shiru suka biya izinin, kuma a ɗan filin da shirun ya sama musu ne suka yi jinya, suka koyar da karatu, suka sauki baƙi, suka koya wa talakawa riƙe al'amuransu da hannunsu.

Ma'aunin da aka aro



Duk sa'ad da aka ɗauko zancen majami'a da mulkin kama-karya, akwai misalan da suka riga suka zauna a bakin masana. Za a kawo Majami'ar Nikolai ta birnin Leipzig a tsohuwar Jamus ta Gabas, inda addu'ar zaman lafiya ta ranar Litinin, wadda aka soma a 1982, ta yi ta girma har ranar 9 ga Oktoba 1989 mutum wajen 70,000 suka cika titi, bayan wata guda katangar Berlin ta faɗi. Za a kawo Akbishop Janani Luwum na Yuganda, wanda aka kashe a Fabrairun 1977 bayan shi da sauran bishop-bishop sun kai wa Idi Amin takardar koke kan kisan da sojojinsa ke yi wa jama'a. Za a kawo Gudina Tumsa, babban sakataren ikkilisiyar Mekane Yesus ta Habasha, wanda gwamnatin soja ta ƙasar ta hallaka a Yulin 1979. Sai a ɗauko wannan mudu a zo da shi gida, a ce a auna.

Wanda ya auna Kalgo da shi zai koma da mudunsa wayam, ya ce babu abin nazari a nan. Ni kuwa ina ganin laifin na mudun ne. Luwum yana jagorantar miliyoyin mabiya. Ikkilisiyar Jamus ta Gabas ita ce tsohuwar ikkilisiyar ƙasar, da gine-ginenta da dukiyarta, har shugaban ƙasa Erich Honecker ya zauna da shugabanninta a Maris ɗin 1978 suka daidaita. Ikkilisiyar da ke ƙasar Gwandu kuwa 'yan tsiraru ne a tsakiyar ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin Musulunci na Afirka ta Yamma. Tambayar da ta dace da ita daban ce: da wane sharaɗi aka bar ta ta zauna, me ta yi da zaman, kuma me ta haɗiye don kada a tashe ta?

Ƙasa da mutanenta

Gwandu ba ta buƙatar gabatarwa. Nan ne mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, nan hubbarensa yake, daga nan aka riƙa kula da yammacin daular Usmaniyya har Nufe da Ilori. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Bayan tawayen Satiru na 1906 suka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashar suka naɗa Haliru, fada kuma ta tabbata a Birnin Kebbi. Kalgo tana kudu da Birnin Kebbi, 'yar tafiya kaɗan.

Kiristocin wannan yanki ba tushe ɗaya suka fito ba. Akwai 'yan ƙasa ƙalilan waɗanda suka shigo ta ƙofar magani, zan dawo kansu. Akwai mutanen ƙasar Zuru da Yawuri, Dakarkari da Dukkawa da Kambari, waɗanda mishan ɗin UMS ya yi aiki a cikinsu tun shekarun 1920, ikkilisiyarsu ita ce ake kira UMCA a yau. Akwai Yarbawa 'yan Baftis da Inyamurai 'yan Angilika da kasuwanci da sana'ar hannu suka kawo. Sai kuma ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, 'yan sanda, sojoji, da masu yi wa ƙasa hidima tun daga 1973, yawancinsu daga kudancin Zariya da Filato da Binuwai. Wannan rukuni na ƙarshe ya ƙaru sosai bayan 27 ga Agusta 1991, ranar da Janar Babangida ya yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama babban birni.

Abin lura shi ne mafi yawansu baƙi ne. Talaka Musulmi na Gwandu idan hukuma ta matsa masa yana da inda zai raɓa: dangi, mai unguwa, limami, malamin zaure, 'yan'uwan ɗariƙa, daga baya kuma ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam da Izala da 'yan agajinsu. Akawun da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kagoro ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Majami'a ce danginsa, ita ce mai unguwarsa.

Ƙofar kuturta

Mulkin kama-karya na farko da ikkilisiya ta sani a nan shi ne na Turawa, kuma shi ne ya shimfiɗa ƙa'idar da ta daɗe tana aiki. Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a Maris ɗin 1903 cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin jama'a ba, waɗanda suka gaje shi kuma suka fassara alkawarin da hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi sai da yardar sarki da Razdan. Saboda haka ƙungiyar mishan ta SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Ikko a 1893 suka kafa tasharsu ta farko a Fategi a 1902, ta shafe fiye da shekara talatin tana kewaya gefen ƙasar Hausa ba ta samu shiga cikinta sosai ba. Likita Mila na mishan ɗin CMS da ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905, shi ma a ƙarshe sai da aka mayar da aikinsa Wusasa, bayan ganuwa.

Abin da ya buɗe ƙofa cuta ce. Kuturta ta yi yawa a Arewa, En'e ba ta da likitocin da za su zauna da kutare, gwamnatin Turawa kuma ba ta son kashe kuɗi. A wajejen 1937 aka miƙa wa SIM kula da gidajen kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta nuna cewa sarakuna ba a tilas kaɗai suka yarda ba, sun ga amfanin abin ga jama'arsu da ga martabar mulkinsu, kuma baitulmalin En'e ya sa kuɗi a ciki. Daga waɗannan cibiyoyi aikin ya yi rassa zuwa ƙananan tashoshi da ɗakunan shan magani. Kalgo na cikin tashoshin SIM a lardin Sakkwato, har yau kuma akwai unguwar Amanawa a yankinta, mazaunin waɗanda cutar ta taɓa da zuriyarsu, suna ɗaya da ta Sakkwato.

Izinin ya zo da sharuɗɗa. Ba wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci. Ba shiga gidan mutum sai ya gayyata. Ba koya wa ɗan Musulmi addini ba da yardar iyayensa ba. Ba tilasta wa majinyaci sauraron wa'azi. Wanda ya karya, Razdan na iya rufe tasharsa. A nan aka ƙulla cinikin: ku yi mana aikin da ba mu iyawa, mu bar ku ku zauna, amma bakinku ya tsaya inda muka ja layi.

Mu leƙa cikin irin wannan gida. Kafin zuwan ƙwayar dafson a wajejen 1950, maganin da ake da shi man wata itaciyar Indiya ne da ake durawa da allura a ƙarƙashin fata, mai zafi, ana maimaitawa mako bayan mako har shekaru. Ranar allura majinyata na yin layi, ana duba tabon kowa, ana wanke gyambo a ɗaure. Sauran ranaku masu ƙarfi a jika suna gona, wasu na saƙa, wasu gini, da yamma a zauna koyon karatun boko da Hausa. Mutumin da garinsu ya ware masa ƙwarya da tabarma, wanda abin da ya rage masa shi ne bara, sai ga shi yana riƙe da alli, daga baya ma wani ya riƙe sirinji yana yi wa 'yan'uwansa allura. Idan aka sallame shi ya fita da takardar shaidar warkewa, da karatu, wani lokaci da sana'ar ba da magani. Daga cikin irin waɗannan aka samu ma'aikatan ɗakunan magani na karkara da masu bishara na farko 'yan ƙasa. Da yawa kuma sun sha maganinsu sun koma gida da Musuluncinsu.

Kada mu yi wa wurin kwalliyar da ba tasa ba. Gidan kutare shi kansa ƙaramar hukuma ce mai tsauri. Baturen mishan ne ke ba da izinin fita, shi ke hukunta mai laifi, shi ke kora. Ana raba jarirai da iyayensu masu cutar a rene su a wani gida dabam don kada su kamu, yaran da suka tashi a hannun mishan kuwa an san addinin da za su tashi da shi, wannan ya jawo ƙorafi daga iyaye da sarakuna. Ga kuma wariyar da ke tsakanin Bature da baƙar fata a albashi da masauki da muƙami, wadda Barbara Cooper ta bayyana dalla-dalla a nazarinta na 2006 kan Maraɗi da Tsibiri, inda SIM ɗin nan ce dai ke aiki ƙarƙashin Faransawa. Ikkilisiyar farko ta tashi ne tsakanin iko uku, na Razdan da na sarki da na mishan, ba ta zaɓi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Koyarwar SIM ta ƙara wa shirun ƙarfi. Ta ɗauki siyasa abin duniya, ta jaddada sura ta 13 ta wasiƙar Romawa mai umurni da yi wa mahukunta biyayya. A Filato da kudancin Zariya, inda Kiristoci ke da yawa, wannan bai hana siyasa tsirowa ba: Fasto David Lot ya jagoranci ƙungiyar da aka kafa a 1949 don kare waɗanda ba Musulmi ba, wadda ta zama tushen siyasar Tsakiyar Najeriya. A ƙasar Gwandu babu yawan da zai ɗauki irin wannan nauyi.

Soja ya karɓe makaranta da asibiti

A 1954 ikkilisiyoyin SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, a 1955 na mishan ɗin SUM da 'yan'uwansu suka haɗu a tarayyar da ake kira TEKAN yanzu. Ba a cika shekara shida da samun mulkin kai ba soja ya hau. Kashe-kashen 1966 suka kori Inyamurai daga Arewa, majami'un da suka dogara da su suka zama kango na ɗan lokaci. A 1967 yankin ya shiga Jihar Arewa maso Yamma ƙarƙashin Usman Faruk, a 1976 ya koma Jihar Sakkwato.

A shekarun 1970 gwamnatocin soja, da kuɗin man fetur a aljihu, suka karɓe makarantu da asibitocin mishan a jihohin Arewa. Akwai hujja mai ƙarfi a bayan matakin, musamman a wuri irin wannan, inda iyaye Musulmi ke gudun makarantar mishan don tsoron a sauya wa 'ya'yansu addini. Amma ga ikkilisiya, abin da take biyan kuɗin zamanta da shi ne aka ɗauke. A da tana iya ce wa hukuma ga asibitina, ga makarantata. Yanzu ba ta da sauran abin nunawa sai taron ranar Lahadi, da makarantun koyon Littafi Mai Tsarki da Hausa irin wadda ECWA ke da ita a Kalgo.

Sai dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna. Daga nan takardar mallakar fili ta zama linzami. Ikkilisiyar da ke son gina majami'a, ko faɗaɗa ta, ko samun maƙabarta, sai ta bi ofis-ofis, kuma ƙorafin da shugabannin Kirista na jihohin Arewa mai nisa suka fi maimaitawa shi ne takardar ba ta fitowa. Majami'ar da ke zaune ba takarda kuwa kullum a tsorace take. Fasto da ya san haka zai auna kowace kalma kafin ya hau mumbari.

Ko muryar da ke zuwa daga waje ba ta tsira ba. Muryar Bishara, wadda ake shirya shirye-shiryenta na Hausa a Jos ana watsawa daga Addis Ababa tun 1963, ta ɗauke a Maris ɗin 1977 da sojojin Habasha suka ƙwace gidan rediyon. Mai sauraro a ƙauyen Kebbi ya murɗa akwatinsa ya ji wayam, saboda abin da wani soja ya yi a wata ƙasa mai nisa.

Abin da ke gudana a cikin majami'a

A nan nake son mu daɗe, domin nan ne aikin yake.

Ku ɗauki kowace ƙaramar majami'ar ECWA ko UMCA a tsakiyar shekarun 1980. A waje an soke jam'iyyu, an rufe majalisu, doka ta 2 ta 1984 ta ba hukuma ikon tsare mutum ba shari'a, doka ta 4 ta rufe bakin 'yan jarida, soja da bulala na tsaye a kan layin sayen madara da sabulu. A ciki kuwa, idan wa'adin dattawa ya cika, 'yan ikkilisiya ne ke zaɓen sababbi. Akwai sakatare mai rubuta abin da aka tattauna a littafi, akwai ma'aji, akwai magatakardan kuɗi dabam da shi don kada kuɗi da lissafi su taru a hannu ɗaya. Bayan sujada mutum biyu ko uku za su zauna a bayan majami'a su zazzage baiko a kan tebur, su ware sulalla da takardu, su ƙirga, kowa ya sa hannu. Mako mai zuwa a karanta adadin a gaban kowa. A ƙarshen shekara a kawo rahoton kuɗi, kuma birkila ko masinja na da damar miƙewa ya tambayi inda kuɗin kwanon rufi ya shiga, ko da wanda zai ba shi amsa babban sakatare ne a ma'aikatar gwamnati.

Ba na cewa babu maguɗi ko son kai. Akwai rikicin ƙabila a zaɓen dattawa, akwai faston da ke fifita masu hannu da shuni, an sha rabuwa a kan kuɗi. Amma a ƙasar da gwamna ba ya ba kowa lissafi, ga wani wuri da ake zaɓe a kan lokaci, shugaba ya sauka idan wa'adinsa ya ƙare, a karanta lissafi da babbar murya. Wanda ya girma yana ganin haka ya san cewa ana iya tambayar mai riƙe da amana. Babu wanda ya shirya wannan don adawa da soja, daga tsarin ikkilisiya kawai ya fito, amma ya yi tasiri a kan irin 'yan ƙasar da suka fito daga waɗannan kujeru.

Harshe ma ya yi nasa aikin. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, sabuwar fassara a 1979, ga Littafin Waƙoƙi a hannun kowa. Badakkare da mutumin Kagoro da Ba'angashe ba su jin harshen juna, da Hausa suke sujada, da ita suke rubuta rahoton taro. Ajin shirin baftisma ya zama ajin yaƙi da jahilci, domin ana son mai neman baftisma ya iya karanta Littafin da kansa. Mata da yawa da ba su taɓa shiga aji ba a nan suka koyi haɗa baƙi.

Mata kuwa su ne ƙashin bayan abin. Zumuntar Mata, da anko ɗinsu da tulunan kiɗa da caki, ana yawan kallonsu a matsayin mawaƙa kawai. Alhali su ke da asusun da ya fi kowane motsi. Su ke kai wa mai jego itace da sabulu, su ke kwana da marar lafiya a asibiti, su ke dafa abincin makoki, su ke haɗa kuɗin motar gwauruwar da za ta koma garinsu da 'ya'ya. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, aka rage ma'aikata, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata, nauyin ya faɗo kan irin waɗannan asusu. Janar Abacha da kansa, yana Birgediya a lokacin, a jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, ya koka cewa asibitoci sun zama wurin ganin likita kawai babu magani. Shekaru goma sha biyar na mulkin soja da suka biyo baya ba su gyara wannan ba. Takardar magani da likita ya rubuta, sau da yawa a taron mata na tsakiyar mako ake haɗa kuɗinta.

Sai saukar baƙi. Ma'aikacin da aka turo, ko ɗan hidimar ƙasa da mota ta sauke a tasha da dare, majami'a yake tambaya. A ranar Lahadi a ce baƙi su miƙe, ya faɗi sunansa da garinsu da inda aka turo shi, kafin a tashi wani ya san mai ɗakin haya, wani ya san wanda zai gani a ofis don fayil ɗinsa ya motsa. Idan ya mutu a bakin aiki, ikkilisiya ce za ta nemi motar kai gawa Zuru ko Zonkwa. Idan 'yan sanda suka kama wani, dattijon da ya san babban jami'i ne zai je a yi magana a asirce. Hanyar da aka fi bi ke nan, ta roƙo da sanayya da kai gaisuwa. Shugabannin ikkilisiya sun san ƙofar fadar Sarkin Gwandu Haruna Rashid, wanda ya yi sarauta daga 1954 zuwa 1995, kamar yadda suka san ƙofar gidan gwamnati, kuma gaisuwar Sallah a fada tana cikin abin da ke tsare zaman lafiyar majami'a.

Inda shirun ya karye, da inda bai karye ba

Kada a ce Kiristocin Arewa ba su taɓa ɗaga murya ba. Sun ɗaga, sai dai a duba a kan me. Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, kanta soja ne sanadin haihuwarta: gwamnatin Obasanjo ta kira shugabannin ikkilisiyoyi Barikin Dodan a Agustan 1976, da suka fito suka ga ya kamata su sami baki ɗaya. Muryarta ta yi ƙarfi a Janairun 1986, da labari ya fito cewa Babangida ya shigar da Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ba tare da shawara ba. Ta ƙara ƙarfi bayan rikicin Kafanchan na Maris 1987. A Janairun 1990 Kiristoci sun yi jerin gwano a wasu biranen Arewa bayan garambawul ɗin da ya fitar da Janar Domkat Bali daga ma'aikatar tsaro. Sun yi magana a kan hukuncin kisa da kotun musamman ta yanke wa Janar Zamani Lekwot bayan rikicin Zangon Kataf na 1992.

Duk waɗannan batutuwa ne na addini da rabon muƙami. A kan tsare mutane ba shari'a, da soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, da mutuwar Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997, muryoyin majami'a da aka fi ji daga Kudu suka fito, irin su Bishop Bolanle Gbonigi na Angilika a Akure, da kuma taron bishop-bishop na Katolika. A ganina wannan gibi ne na gaske, kuma bai kamata a rufe shi da uzuri ba. Ikkilisiyar da ta koya wa 'ya'yanta tambayar ma'aji ba ta koya musu tambayar gwamna ba. Haka nan, don adalci, manyan ƙungiyoyin Musulmi na yankin ba su yi fice a wannan fage ba, a ƙasar da Malam Abdullahi ya bar tarihin sukar masu mulki ko da 'yan'uwansa ne. Abacha ya tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a Afrilun 1996, kowa ya ga abin da zai iya samun wanda bai kai shi ba.

Akwai dalilai biyu da suka keɓanta da wannan yanki. Na farko, tsoron ramuwa. Safiyar 22 ga Afrilu 1990 Manjo Gideon Orkar ya yi shela a rediyo cewa ya cire jihohi biyar daga Najeriya: Sakkwato, Kano, Katsina, Barno da Bauci. Gwandu da Kalgo da Zuru duk suna cikin Jihar Sakkwato a lokacin. Wato masu juyin mulkin da suka ce suna magana da yawun Tsakiyar Najeriya da Kudu sun yanke Kiristocin nan sun jefar tare da maƙwabtansu, sun kuma bar su da zargin da zai biyo baya. Juyin bai yi nasara ba, amma darasin ya zauna: duk abin da aka faɗa da sunan Kirista a Ikko ko Jos, wanda ke Kalgo ne zai kwana da shi.

Na biyu ya fi wuyar faɗa. Soja ba baƙo ba ne a majami'ar Kebbi, ɗan gida ne. Ƙasar Zuru ta shahara da ba da sojoji tun zamanin Turawa, kuma Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, hafsan hafsoshin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, ɗan Zuru ne. Albashi da fanshon soja na cikin abin da ke shiga kwanon baiko. Ƙari a kan haka, tsarin soja na tura gwamna jihar da ba tasa ba. Wanda ya fara riƙe Jihar Kebbi a 1991 Patrick Aziza ne daga Delta, daga 1996 zuwa 1998 kuma John Ubah ne daga Binuwai. Zaɓe a Kebbi ba zai taɓa kawo masu irin waɗannan sunaye gidan gwamnati ba, kuma 'yan tsiraru sun san haka. Ga mutumin da ƙuri'arsa ba ta da nauyi, gwamnan da babu ruwansa da ƙuri'a yana iya zame masa sauƙi. Da aka koma mulkin farar hula a 1999, zaɓaɓɓiyar gwamnatin Adamu Aliero ce ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a Disamban 2000, bisa buƙatar mafi rinjayen masu zaɓe, kuma ikkilisiyoyin Birnin Kebbi da Kalgo suka sake komawa teburin neman tabbaci a kan iyakar abin da dokar za ta shafa, wannan karon a gaban gwamnatin da jama'a suka zaɓa.